Mai Makulli da Ƙofa ta Ashirin da Biyar

Shekara shida ke nan ina share ofishin masu zanen gidaje, tun bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ɗaki uku ne da baranda. Ina shiga da sassafe, in share, in goge tebura, in kwashe kwandunan shara, in ɗora ruwan shayi. Da wannan aikin nake riƙe 'ya'yana mata biyu.

Wata Litinin wasiƙun ofis suka daina fita, waɗanda ake aikawa ta kwamfuta, imel. Sakatariya za ta danna, abin ya yi ta juyi, zanen gidajen mutane ya zauna kamar an ɗaure masa ƙafa. Ran Laraba Manaja ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga danshi kusa da wayoyi, ya ɗago ya dube ni.

"Ke kike goge nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"To in aka gano tsummanki ne ya jawo mana wannan, ran Juma'a ki ajiye mabuɗin ofis."

Na koma na wanke kofuna, ina wanke ɗaya sau biyu ban sani ba.

Washegari aka kira mai gyara. Na zaci matashi zan gani da jaka a baya, sai ga dattijo, sa'ana ko ya ɗan girme ni, da furfura a gemu da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. A ƙugunsa akwai damin makullai, yana tafiya suna kacau-kacau. Mai Makulli ake ce masa. Daga baya maigadin ofishinmu ya ba ni labarinsa. Shekara ashirin ya yi yana yanka makullai a bakin kasuwa, a wata rumfa da ba ta fi tabarma ba. Da aka rushe layin rumfunan, lokacin shekarunsa sun kusa hamsin, sai ya je ya zauna a aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa ya koyi kwamfuta. Suna yi masa dariya, yana rubuta komai a littafi. Makullan ƙugunsa ba sa buɗe ko'ina yanzu, na mutanen da suka ba da aiki ne ba su dawo karɓa ba. Wai amana ce, ba zai zubar ba.

Amma a ranar ban san wannan ba, kuma bai kwanta mini ba. Mutumin da ke yawo da makullan da ba nasa ba, me ya rage? Ya ƙi shayi. Ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina yatsunsa. Sannan ya biyo ni baranda.

"Baiwar Allah, da ƙarfe nawa kike goge ɗakin nan?"

Na ce a raina, biri ya yi kama da mutum, Manaja ya riga ya karanta masa. "Bakwai," na ce.

"Kwamfutar takan kasance a kunne?"

"Ba sa kashe ta."

"Kina jin tana wani sauti?"

"Takan yi ƙiris, kamar an taɓa kofi da cokali. Har yau da safe ta yi sau huɗu."

Ya rubuta a littafinsa. Ni kuwa na san duk abin da aka rubuta a kanka ba ya gogewa da sauƙi.

Ya koma ciki ya zauna gaban kwamfutar Sakatariya. Na bi shi da tsumma, na kama goge tagar da na riga na goge. Ya buɗe wani shafi mai ƙananan akwatuna, ya nuna ɗaya da biro.

"Kin ga nan, 'yata? Ashirin da biyar. Ta wannan ƙofar wasiƙunku suke fita. Tsohuwar ƙofa ce, ba maigadi, ba kwaɗo. Kowa ya zo ya wuce, har ɓarawo."

"Baba, mu dai ta fita," in ji Sakatariya. "Ko ta taga ce."

"Ta taga ai ɓarayi ke fita."

Ya goge lambar, ya rubuta ɗari biyar da tamanin da bakwai. Ya yi maki a wani akwati, ya ce wannan maigadi ne, ba wasiƙar da za ta fita sai ta faɗi sunan mai ita da kalmar sirri. Ya zaɓi wani abu a ƙasa, ya ce wannan kuma ambulan ne a liƙe, ko an tare wasiƙar a hanya ba mai iya karantawa. Da aka zo wurin kalmar sirri sai ya miƙe, ya juya fuskarsa ga bango, ya haɗa hannuwa a baya.

"Sa abinki."

"Baba, ai sai in faɗa maka, ba komai."

"Kar ki faɗa. Abin da ban ji ba, ba za a tambaye ni shi ba, duniya da lahira."

Ko wannan ma na zarge shi. Na leƙa in ga ko akwai gilashin da yake hango yatsunta ta ciki. Babu. Bango ne kawai da kalanda.

Lambobin nan biyu kuwa suka tsaya mini a rai, don na taɓa ganinsu. Ina da wata ɗabi'a da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk takardar da aka jefa a kwando, in bayanta fari ne, nakan miƙe ta in kai gida, in yi ta koyon rubutu a kai. Karatuna aji huɗu ne. Wata guda kafin nan Sakatariya ta buga wata takarda ta kai wa Manaja, ina tsaye da faranti. Ya karanta, ya dunƙule ta, ya ce, "'Yan damfara ne, ni za su yi wa wayo?" Ya jefa. Rubutun ya fi ƙarfina, amma lamba ba ta ɓace mini: 25 da 587, da manyan baƙi. Tana cikin jakata, na yi lissafin ranakun maganin ƙaramar 'yata a bayanta.

In na fito da ita, na tona cewa ina kwasar takardun ofis, kuma na kunyata Manaja a gaban ma'aikatansa. In na yi shiru, ban san abin da dattijon nan ya rubuta a kaina ba. Na yi alwala, na yi azahar a lungun da nake ajiye tsintsiya. Da na sallame sai na same shi a baranda shi kaɗai, na miƙa masa takardar ba tare da na dube shi ba.

Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa. Ya juya bayanta, ya ga rubutuna karkatacce, ya yi sauri ya mayar da fuskar.

"Masu riƙe muku akwatin wasiƙa ne suka aiko. Sun ce ran ɗaya ga wata za su rufe tsohuwar ƙofa." Ya ninke ta ya ba ni. "Mayar da abinki. Ban gani ba."

Muna komawa ciki Sakatariya ta sake dannawa, ta yi ƙara, wasiƙu goma sha tara sun fita a jere kamar tumaki an buɗe garke. Manaja ya fito daga ɗakinsa.

"Wayar ce ko? Ruwa ya shiga?"

"Waya lafiyarta lau, ranka ya daɗe," in ji Mai Makulli. "Da waya ce, da wasiƙa ba ta shigo ba. Baiwar Allahn nan ta ji shigowarsu sau huɗu yau da safe, ita ta rage mini aiki. Ƙofar fita aka rufe daga can." Ya tsaya yana tattara biro da littafi. "Yawanci dai sukan aiko da sanarwa tukuna. Wataƙila taku ta ɓata a hanya."

Manaja ya dubi Sakatariya, ta dubi farcenta. Ya dubi kwandon shara, sannan ya dube ni, ya daɗe.

"Wataƙila," ya ce.

Mai Makulli ya rubuta lambobin a kati, ya ƙara ɗari huɗu da sittin da biyar a ƙasa, wai ƙofar ajiya ce ko da ta farkon ta ƙi, ya liƙa a gefen tebur. Sai a lokacin ya karɓi shayi, ya sha a tsaye.

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya tambaye ni mabuɗi. Ba kuma wanda ya ce mini yi haƙuri. Amma tun daga ranar Manaja ba ya jefa takarda sai ya yaga ta gida huɗu, yana yi yana kallona ta gefen ido. Ina kwashewa in zubar. Wannan labarin a littafin da na saya da kuɗina na rubuta shi.