Verna Klassen ta Ɗakin Sanyi

Kowace safiya Verna Klassen takan tuɓe rigar sanyin da ta ratso titunan birnin Winnipeg na Kanada da ita, ta zura wata, ta shige ɗakin sanyi na sashen bincikenmu. Mu gudun sanyi muke, ita kuwa a cikinsa take cin abinci. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

A fatar kowace ƙwayar halitta akwai 'yan ƙugiyoyi da take kama maƙwabciyarta da su. Idan ƙugiya ta kama, sai ta matsa kan wani ɗan tsibirin kitse da ke yawo a fatar, daga can take aika saƙo ciki. Aikin Verna shi ne tsamo tsibiran nan. Tana jera ruwan sukari hawa-hawa a kwalba, ta sa ƙwayoyin a ciki, inji ya juya kwalbar, kitsen ya taso. Ɗumi na narkar da su, daskarewa na ɓata su.

Wata shekara a Janairu aka kawo mana jinin Odette, yarinyar da fararen ƙwayoyin jininta ba sa kama bangon jijiya, ƙaramin ƙurji sai ya kwantar da ita. Ranar aka fara shirin yi mata dashen ɓargo, daga nan ƙwayoyinta na asali sun tafi ke nan. Jinin da ke hannunmu shi ne na ƙarshe. Kuma a ranar injin ɗakin sanyi ya ga damar mutuwa.

"Mu fita waje mana, garin ai duk firji ne," in ji Dakta Villanueva, shugabanmu.

"Firjin da zai daskarar da kai kafin ka buɗe kwalba?" in ji Verna. Ta juyo gare ni. "Ɗauko tebur, Tadeo."

A zauren ginin, tsakanin ƙofar waje da ta ciki, ta kafa teburin, inda sanyin ya tsaya daidai. Ni aka sa gadi, ina korar jama'a zuwa ƙofar baya, suna ta ƙunƙuni. Ta cire safar ulu don kada hannu ya goce. Na ga yatsunta sun yi fari fat, amma ruwan bai gauraya ba ko kaɗan. Washegari siririn layin kitsen ya fito, muka tarar ƙugiyoyin Odette ba sa isa tsibirin.

Bayan dashen mahaifiyar yarinyar ta zo. "Jinin nan ya yi amfani kuwa? Ta sha kuka kafin a ɗiba."

"Ko ɗigo bai tafi a banza ba," in ji Verna.

Verna, ke ce kika sa amsar nan ta zama gaskiya. Mun gode, kuma za mu yi kewarki ƙwarai. Ku da za ku gaje ta, duk kwalbar da aka miƙo muku, ku tuna akwai wanda ya yi kuka kafin ta cika.