Tsohuwa Mai Munduwar Jan Ƙarfe

A kasuwar Gaya, Inuwa maƙeri yana tsaye yana kallon wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Bai san ta ba, amma ya san munduwar jan ƙarfen da ke hannunta. Shi yake ƙera irinsu, yana gaya wa mutane wai suna zuƙe sanyin ƙashi, alhali ko uwarsa bai taɓa sa wa ba.

Yatsun tsohuwar duk sun kumbura, da ƙyar take dunƙula daddawar. Wataƙila daga ƙauyen Balan ta tako, wataƙila babu mai kama mata daka. Motsi kaɗan sai ta goge munduwar da bakin zane.

"Iya, tana yi miki aiki kuwa?"

"Kayya, ɗan nan, Allah Ya yi wa maƙerin albarka. Jikina ne ya ƙi karɓa."