Turi Ɗaya da Isiyaku Ya Bi Yaya Haruna

Bana shekara ashirin ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa, Allah Ya haskaka kabarinsa. Amma duk lokacin da zan ba da labarinsa, daga shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama nake farawa. Tsofaffi irina za su tuna. Lokacin garin nan bai zama Suleja ba, Abuja muke amsawa, kafin a ɗauke mana sunan a kai wa sabon birni. Rediyo kullum cikin gargaɗi, tsofaffin direbobi suna ta gunaguni. Ni da na tashi a rubutun ajami ban ga abin gunaguni ba, don dama can daga dama na san ana fara abin kirki. Yaya Haruna kuwa cewa ya yi wannan ce shekararsa ta koyon mota, tunda kowa ya koma ɗan koyo, babu mai yi wa wani dariya.

Fataucin doya yake yi, yana saro ta a ƙauyukan Maje da Diko, ya gaji da jiran motar haya a bakin gona. Ya samu wani tsohon direba ya riƙa koya masa a filin makaranta. Sai taubashinmu Isiyaku, ɗan goggonmu, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Isiyaku ɗan kwangila ne, mutum mai ƙaton baki da ƙaramar zuciya, Allah Ya yafe masa, Ya yafe mini. A filin nan kuloci ya tona masa asiri. Da zarar ya ɗaga ƙafa sai mota ta yi tsalle ta mutu. Ya zagi motar, ya zagi direban, ya ce takalminsa ne ke santsi. Aka cire takalmin, mota ta sake mutuwa.

Ana cikin haka ya tafi Ikko ya dawo da labari. Ya ce akwai motar Amurka wadda ba ta da kuloci sam, ita ke sa wa kanta giya, kai dai ka taka ka tafi. Ya ce ya riga ya ba da sautu, kuma duk mai hankali irinta zai saya. Yaya Haruna bai yi masa musu ba. Damina guda ya yi yana juya maganar. Ya je wajen Lasisi, Bayaraben bakaniken da ke gyara motocin garin, ya tambaye shi ko ya taɓa buɗe cikin irinta. Ya ce bai taɓa ba. Ya tambayi direbobi ko za ta shiga hanyar gona. Daga ƙarshe ya sayi tsohuwar motar Faransa mai giyar hannu a jikin sitiyari. Dalilinsa guda ne, kuma ya faɗe shi a gabana: "Zan sayi wadda in ta mutu, mutanen garina za su iya tayar mini da ita."

Ta kuwa riƙa mutuwa. Batirinta ba ya kwana da wuta. Amma a zamanin nan wannan ba abin kunya ba ne. Duk mai mota a unguwarmu a kan tudu yake ajiye ta, hancinta na kallon gangaren da ke sauka rafin Iku. Ana idar da sallar asuba, kafin kowa ya shiga gida, sai a sa mata hannu. Yau ka tura ta wani, gobe ya kai matarka asibiti. Ba wanda ke lissafi.

Sai Isiyaku. Kafin tasa motar ta iso, wata rana suka tafi taron suna a Maje su biyu da Yaya, mota ta mutu musu a cikin taɓo, ba kowa a kusa. Tunda shi bai iya sakin kuloci ba, dole shi ne a baya. Ya tura, mota ta tashi, ta watsa wa farar shaddarsa laka har wuya. Daga ranar nan babu taron da bai ba da labarin nan ba, kuma kullum da kalma guda yake rufewa: "Haruna, ina bin ka turi ɗaya, ban kuma yafe ba." Da fari dariya muke yi, wasan taubasai ne. Amma ran da doguwar motarsa ta iso, ya tsayar da ita a ƙofar masallaci, ya jira jama'a suka taru, ya kira Yaya da sunan tsokana, ya ce, "A-tura, zo ka gani. Wannan ba ta roƙon kowa hannu. Ka ga ke nan da hakkina za a binne ka."

Mai karatu na yau zai ce mene ne a ciki. Ba ku san Yaya Haruna ba. Mutum ne da in ya ari allura sai ya mayar kafin rana ta faɗi. Mun tashi muna ji a makaranta cewa abin da ke tsakaninka da Allah Yana iya yafewa, amma hakkin ɗan Adam sai mai shi ya sake ka. Liman ya ce masa wasa ne, ya kwantar da hankalinsa. Ya ce, "Allah gafarta malam, in wasa ne ya ce ya yafe mana. A gaban shaidu ya ɗaure ni, a gaban shaidu zai kwance ni." Isiyaku ya ƙi. Yaya ya ɗinka masa sabuwar shadda, ya karɓa ya sa, ya ce riga ta biya riga, saura turi. Ya aika masa da doya, ya cinye, ya ce doya doya ce. Ya gano inda abin ke yi wa mutum ciwo, ya kuma ɗora yatsa a wurin shekara da shekaru. Har yau ban san sunan da zan kira wannan hali ba, in ba ƙaranta ba.

Wata safiya, bayan an fara kashe naira, labari ya zo cewa motar Isiyaku ta ƙi tashi, ga shi ana jiransa a Minna kan maganar kwangila. Yaya Haruna na shan koko. Ya ajiye ludayi, ya tuɓe riga, ya fita da gudu kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Unguwa ta fito. Isiyaku ya hakimce a ciki ya ɗaga gilashi, mu muka sa kafaɗa. Mota ta kama gangare, ta ɗau gudu, jama'a suka haɗa baki kamar yadda aka saba: "Saki kuloci! Saki kuloci!" Babu wanda ya tuna babu kulocin da za a saki. Ta gangara shiru har kusa da rafi. Muka turo ta sama, ga nauyi kamar an loda mata duwatsu, muka sake gangarawa da ita. Muna shirin komawa sai ga Lasisi a kan keke. Ya ce, "Ku bar wahala. Wannan ko Kaduna kuka tura ta ba za ta tashi ba. Ba a tayar da irinta da turi."

Yaya Haruna ya dafa gwiwa yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "To, ɗan Goggo, na biya?"

Isiyaku ya sauke gilashi kaɗan. "Ta tashi? Nawa turin ya tayar da mota. Naka gumi ne kawai."

A motar Yaya aka kai shi Minna ranar. Sai da muka tura ta ita ma, yana zaune a gidan gaba ya harɗe hannu. Motar Amurka kuwa a gindin mangwaron ƙofar gidansa ta ƙare, ana jiran wani ƙarfe daga Ikko wanda bai taɓa zuwa ba, har kaji suka mai da ita akurki. Ya sayi wata irinta, ya sake sayen wata. Bai taɓa koyon kuloci ba, bai kuma sake sa hannu a bayan motar kowa ba.

Yanzu in na fito da safe nakan tsaya in kalli layin motocin da ke fita Suleja zuwa aiki Abuja, in tambayi kaina me Yaya zai ce. Kusan duka otomatik ne. Ƙafa ɗaya ke aiki, hannu ɗaya na kan waya, an ɗaga gilashi. Yaro ya yi kwana kaɗan yana zagaya fili, ya fito yana kiran kansa direba, ka ba shi mai giyar hannu ya tsaya yana kallonta kamar an miƙa masa allon da bai karanta ba. In motar wani ta mutu a tsakiyar titi, hon za su yi ta danna masa, babu mai saukowa. Isiyaku ne ya cika gari, da yawansa. Ban ce laifin ƙarfe ba ne, kuma Yaya ma ba zai ce ba. A cunkoson yanzu kuloci zai iya gama da gwiwar mutum, shi kansa da ciwon gwiwar hagu ya tsufa. In matashi ya tambaye shi, cewa yake yi ya koyi mai giyar hannu tukuna, bayan nan ya sayi wadda aljihunsa da bakanikensa za su iya. Abin da ya raina shi ne mutumin da ke zaton ya sayi mota ya fanshi kansa daga buƙatar mutane. Wannan ne abin da ya rage mini nasa, ya fi gidan da ya bari.

Can da tsufa ya zo, ɓarin jikin Isiyaku ya shanye. Aka sayo masa keken marasa lafiya. 'Ya'yansa na fita Abuja tun da sassafe, sai ya zama Juma'a na wucewa yana zaune a zaure yana jin huɗuba daga nesa. Wata Juma'a Yaya Haruna ya ce in raka shi. Muka yi sallama, bai tsaya dogon bayani ba, ya zagaya bayan keken ya kama.

Hanyar masallaci hawa ce. Yana turawa yana ɗingishi, na miƙa hannu ya buge shi. Isiyaku, da bakinsa da ya karkace, bai fasa hali ba. "A hankali, A-tura. Har yau ba ka iya tuƙi ba."

"Yi shiru, ɗan Goggo. Wannan ma irin taka ce, mai ita ba ya yin komai."

A ƙofar masallaci, wurin da aka taɓa tsayar da doguwar mota, ya taka wa keken birki. Ya kira liman, ya kira ni, ya sunkuyo.

"Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Isiyaku ya ce, "Ta tashi. Na yafe."

"Ban zo neman yafiya ba yau. Na biya?"

"Ka biya."

Na zaci shi ke nan. Juma'ar da ta biyo sai na gan shi ya sake nufar gidan, haka kuma ya ci gaba har Isiyaku ya riga shi gidan gaskiya. A hanya wata rana na ji Isiyaku ya ce da ƙaramar murya, "Yanzu kai ke bi na ke nan."

Yaya Haruna bai ko rage tafiya ba. Ya ce, "Ba na bin ka komai. Nawa na yafe tun kafin in taɓa keken."

Allah Ya jiƙansu su biyun.