Ɗakin da Na Yi Jinyar Agana

Agana ta kama ni a shekarar da Turawa suka ɗebi maza daga Keffi zuwa aikin hanya, har da babana. Aka kai ni wani ɗaki can bayan gidanmu a Angwan Iya, kusa da turken awaki, aka saki asabari. Innata tana goyo, saboda haka aka hana ta matsowa. Sai ta ajiye kunu a bakin ƙofa, ta kira ni daga nesa, ta juya. Ina jin 'yan mata suna gaɗa a dandali, ni kuwa daga ni sai ƙudaje.

Mutum ɗaya ce ke shigowa, wata tsohuwa daga unguwar Liman Abaji, gwaggon babana. Ta yi cutar tun tana yarinya, fuskarta duk zanzana. Da hantsi takan zo ta shafa mini magani, tana rera waƙoƙin wa'azi ƙasa-ƙasa don kada in yi susa.

Wata rana na ce, "Gwaggo, me ya sa kike tsayawa a tsakiya?"

Ta ce, "Numfashi na yi, 'yar nan. Abin da na faɗa kafin in numfasa, shi ne ɗango. Ɗango biyu suka haɗu, an yi baiti, irin wanda ake kira ƙwar biyu."

Ta sa na saurari ƙarshen kowane baiti. Na ji duk da sauti ɗaya suke faɗuwa. Ta ce wannan ita ce ƙafiya. Kari kuwa, wato awon waƙa, a gwiwata ta koya mini shi, tana bugawa da yatsa, don nan ne kawai ƙuraje ba su fito ba.

In ta tafi, sai in kwanta ina juya kalmomin nan a baki har la'asar. Har awaki na yi wa baiti, karinsa a karye.

Da na fara samun sauƙi ta ce za mu yi tahamisi. Ita ta kawo ɗango biyu na wani malamin dā, ni in ɗora uku a gabansu su cika biyar. Na kwana ina nema, na samu biyu da ƙyar. Da safe ba ta zo ba. Innata ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce ɗan Gwaggo ya zo daga Nasarawa ya tafi da ita, matarsa ce ta haihu.

Na ƙarasa jinyar ni kaɗai. Ranar da aka yi mini wanka na fito, ƙawayena suka tsaya nesa suna kallon fuskata. Na ce musu na iya haɗa baiti. Babbar cikinsu ta tambaya ko abin ci ne, suka yi dariya, suka wuce rafi. Gwaggo ba ta dawo Keffi ba, a can ta rasu da damina.