Injin Markaɗen Safara'u

Hansai 'yar Dagumawa ce, aure ya kawo ta cikin Wudil. Mijinta Sabo masunci ne. Da ya rasu ya bar ta da yara huɗu, sai ta kafa kasko a bakin titi kusa da gada, tana soya kifi tana sayar wa matafiya. Mace ce mai kyauta, amma tana son a san ta yi.

A nan bakin titin ta tsinci Safara'u wata damina, mota ta sauke ta da 'ya'ya uku, ko ƙullin kaya babu. Daga wani ƙauyen Zamfara suka gudo, 'yan bindiga sun ƙone musu gari. Hansai ba ta shawarci kowa ba, ta kwashe komatsan da ke ɗakin marigayi ta ce su shiga. Tukunya ɗaya suka riƙa ci. Unguwa ta ɗauka da yabo, yabon kuwa yana yi mata daɗi.

Bayan girbi wata ƙungiyar agaji ta zo neman waɗanda rikici ya raba da gidajensu, Hansai da ƙafarta ta raka Safara'u. Aka fara da shinkafa da gidan sauro, sannan aka ɗinka wa 'ya'yan Safara'u kayan makaranta, aka haɗa musu har da takalma. Kullum da safe sai Hansai ta ga autarta Barakatu tana bin su a baya da tsinkakken silifa. Ta tambayi ma'aikaciyar ƙungiyar ko marayun gari ba su da rabo, aka ba ta haƙuri, aka ce tallafin na 'yan gudun hijira ne.

Injin markaɗe ne ya ƙarasa ta. Shekara da shekaru tana burinsa, sai ga shi ƙungiyar ta sauke a tsakar gidanta, amma na Safara'u ne. Matan unguwa suka koma yin sallama da sunan Safara'u. Ita kuwa Hansai gara ta ɗauki tattasanta ta tsallaka titi a markaɗa mata, ko da yake Safara'u ta sha cewa ta kawo kyauta ne.

Wata rana injin na ta ƙara, Hansai ta ce wa maƙwabciya, tana zaton ba a jin ta, da ma su ma an kore su daga garinsu ko sa samu. Sai ƙarar ta tsaya.

“Yaya Hansai,” in ji Safara'u, “'ya'yana biyar ne. Uku kika gani.”

Sai ta sake tayar da injin. Hansai ta shige ɗaki, ranar ko kifi ba ta fita sarowa ba.

Sun ci gaba da gaisawa, amma tukunya ta rabu. Kafin azumi Safara'u ta sami wani ɗan'uwan mijinta a garin Achika, ta yi godiya har da hawaye, aka ɗora injin a kura suka tafi.

Har yau Hansai na nan bakin gada. In aka ce mata Safara'u ta sayi akuyoyi, sai ta ce Allah ya ƙara, da gaske kuma take. Amma fuskarta takan ɗaure, ranar kuma masu neman ragi ba sa jin daɗinta.