Ɗaurin Yaya

Yayana bai taɓa yarda da ɗaurin kowa ba. In ya rufe murfin kwalbar mai, sai an nemo tsumma da namiji kafin a buɗe. Famfon gidanmu na Birni ban san sau nawa ya karya masa wuya ba, wai don kada ya ɗiga. Mukan yi masa tsiya, shi kuma ya yi dariyar nan tasa mai girgiza tumbi, ya ce mu ne masu hannun kunu. Ƙato ne, wuya kamar turmi. Ni ce autar ɗakinmu, siririya mai saurin fushi, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne ubana.

Ya daɗe yana tuƙa motar kasuwa tsakanin Damagaram da ƙauyuka. Wata rana a hanyar Dogo, tayar baya ta motar da ke gabansa ta fice, ta bar motar, ta tsallaka hanya da gudu ta sami wata mata zaune a gindin itace da ƙwaryar nononta. Shi ya ɗauki matar ya sa a mota, ba ta kai gari ba. Sau ɗaya ya ba ni labarin, yana kallon ƙasa. Tun daga ranar bai ƙara ganin taya ya wuce ba tare da ya taɓa bulon ɗinta ba, wato notin da ke riƙe ta.

Da na tara 'yan kuɗina na aikin biro, wato ofis, na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, bai hana ni tuƙi ba kamar yadda wasu dangi suka so. Shi ne ma ya koya mini. Amma tayoyin nan huɗu ya ce nasa ne. Duk sanda aka yi mini faci, sai ya zo da yamma da wani tiyon ƙarfe mai tsayin mutum, ya zura shi a kan kile, wato sifanar ɗaure taya, ya dafa rufin motar, ya hau tiyon da ƙafa biyu. Ya yi tsalle, ya ƙara, har bulon ya yi kuka irin na tsohuwar ƙofar langa-langa. Sai ya sauko yana haki, ya koma na gaba.

Abin yana ba ni haushi. Na karanta a ɗan littafin da ya zo da motar cewa ɗaurin taya yana da awo, kowace mota da nata. In ya gaza, taya ta yi girgiɗi ta fita. In ya wuce, ƙarfen ya miƙe ya raunana, ko ya cije ya ƙi kwantuwa. Akwai ma kile mai awo, wanda in ka kai iyaka yake yin ƙas, ka tsaya.

Na ce, "Yaya, don Allah ka bari. Akwai garaj can wajen tasha da ke da kilen nan mai ƙas. Abin da awo ake yi, ba da tumbi ba."

Ya share gumi ya ce, "Auta, wanda ya rubuta littafin naki ya taɓa bin hanyar Dogo?"

"In ta fashe mini a daji fa, wa zai kwance?"

"Ki kira ni mana. Ina raye za ki kwance taya?"

Na yi tsaki na shige gida. Na san tsoro ne ke sa shi, kuma na san don ni yake tsoron, shi ya sa ban taɓa kai maganar inda ya kamata ba.

Da ƙafafu suka fara yi masa ciwo ya bar tuƙi, ya kama wani lambu a bakin tafkin Gidimuni, mai dabino da rake da albasa. Matarsa da yara suna gari, shi yakan yi kwanaki can. Wata Juma'a na ɗauki hutu na je kai masa magani da 'yan kayan shayi. Ina zaune a inuwa yana yanko mini rake, sai na ji ya yi salati. Kububuwa ce a cikin busasshen ganye, ta sare shi a idon sahu.

Maƙwabtan lambu suka taimaka muka kai shi ƙaramin ɗakin magani. Ma'aikacin ya wanke wurin, ya yi masa allura, ya ce maganin dafin sai babbar likita, wato asibitin gari, kuma motarsu ta fita da wata mai naƙuda. Ya dube ni ya ce, "Madam, ki tafi da shi yanzu. Kada ya taka ƙafar, kada ya yi komai na ƙarfi. Ya kwanta kawai."

Muka kwantar da shi a kujerar baya, ƙafafunsa a lanƙwashe don motar ta yi masa kaɗan. Na buga wa matarsa waya na ce su jira mu a ƙofar likita. Da muka hau gudoro, wato kwalta, har ba'a yake yi mini, wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mun wuce Hamdara da kaɗan tayar gaba ta fashe. Na riƙe sitiyari da duk ƙarfina, na ce ba zan tsaya ba, zan ja ta a haka. Ban yi nisa ba robar ta yayyage ta naɗe a ciki, motar ta dinga jan gefe tana neman rami. Dole na tsaya.

Rana tana tsakiya, mutane duk sun tafi masallaci, hanya fayau. Na fito da sakur, wato tayar ajiya, da kiriki na ɗaga mota, da ɗan kilen motar, wanda bai fi tsawon damtsena ba. Tiyon ƙarfen yana gida, jingine a zaure. Na sa kile na danna, kamar ina danna dutse. Na hau da ƙafa ɗaya, na hau da biyu, na yi tsalle da zanina kamar yadda na ga yana yi. Ko motsi. Takalmina ya zame, na faɗi na daki gwiwa da gudoro.

Na sake kiran gari. Wani ɗan ƙanin babanmu ya ce zai nemo mota ya taho, amma ya san, ni ma na sani, tafiyar ba ta kusa ba ce. Wata motar fasinja ta zo maƙil da mutane har saman kaya, na tsaya tsakiyar hanya ina ɗaga mayafi, ta kauce mini ta wuce. Na bi ta da zagin da ban san na iya ba. Can wasu manoma biyu suka zo a kan amalanken shanu. Allah ya saka musu, sun yi iya yinsu. Ɗaya ya riƙe kile, ɗaya ya hau, suka yi musanya, suka buga da dutse. Babban cikinsu ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wanda ya ɗaure wannan ba ya son a kwance."

Sai na ji ƙofar baya ta buɗe.

Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi tana sheƙi. Da ya buɗe baki na ga jini a dasashinsa. Na ruga na tare shi.

"Yaya, koma ka kwanta! Ba ka ji abin da aka ce ba?"

"Na ji. Matsa."

"Wallahi ba za ka taka ƙafar nan ba!"

Ya dube ni, idanunsa jajur, ya ce, "Auta, ni na ɗaure. Ba wanda zai kwance a nan sai ni. In mun zauna ma mutuwar ce."

Manoman suka riƙe shi ta hammata. Ya ɗora lafiyayyar ƙafar a kan kile, wanda ke nufin duk nauyinsa sai da ya fara sauka a kan mai ciwon. Bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi. Ya ɗaga jikinsa ya sake shi a kan ɗan ƙarfen nan, sau ɗaya, sau biyu, sai bulon ya yi ƙara ya saki. Na durƙusa na mayar da kilen kan na gaba, gumin Yaya yana ɗigo mini a wuya. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe ƙarfen da bulon ke kai ne ya karye gaba ɗaya, Yaya ya tafi ƙasa tare da kilen. Da muka ɗago shi jini na fita ta hancinsa, tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi ya jiƙe sharkaf.

Manoman suka mayar da shi mota, suka taya ni ɗaga ta da kiriki. Na sa sakur, na ɗaure huɗun da suka rage da hannuna, ina tsallake ɗaya in ɗaure na daura da shi kamar yadda shi ya koya mini. Ina jin muryarsa daga ciki, ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko na ɗaure sosai. Na daka masa tsawa na ce ya yi mini shiru. Ina jin zafinsa a lokacin, zafi na gaske, kuma ina kuka.

Ya yi shirun. A Mirya muka gamu da ɗan ƙanin baban namu, bai ma tsaya ba, ya juya ya biyo mu. Ina tuƙi ina kiran Yaya, wani lokaci ya amsa da "uhm", wani lokaci bai amsa ba. Da muka isa aka karɓe shi da gaggawa, aka yi masa duk abin da ake yi. Ya cika bayan la'asar, bai ƙara buɗe ido ba.

Na tare lokotoron da ya duba shi a baranda na tambaye shi ko da mun iso da wuri zai tashi. Ya ce ba zai iya ce mini i ko a'a ba, amma jinkiri da motsa jiki ba sa taimakon mai saran maciji. Ya ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare. Sanin bai rage mini komai ba.

A zaman makoki na ji maganganu suna yawo a tsakar gida. Wata gwaggonmu, ba ta san ina bayanta ba, ta ce da namiji ne ke tuƙin da tuni an sauya tayar an wuce. Wata ta ce dama an faɗa, mace da mota sai a cikin gari. Ni da ba a taɓa faɗa mini magana na haɗiye ba, ranar na haɗiye, na ci gaba da zuba wa baƙi ruwa.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, matarsa ta kira ni ɗakinta. Tana cikin takaba, 'yarsu ta fari zaune a gefen gado tana kallona. Ta kama hannuna, ba da faɗa ba, ta ce, "Ƙanwata, tun azahar muke tsaye a ƙofar likita. Me ya tsayar da ku haka?"

Na dubi yarinyar. Wuyan ubanta gare ta, da idanunsa.

Na ce, "Taya ce ta fashe. Ni kuma ban iya kwancewa ba."

Ta saki hannuna a hankali, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga ranar ba ta ƙara barin 'ya'yanta sun shiga motata ba, ni kuma ban ƙara mata ko kalma ɗaya a kan abin da na faɗa ba.