Jinjina ga Baban Inji, Likitan Tsofaffin Injinan Kwale-kwale

Da hantsi, bayan masunta sun watse daga bakin kogi, Baban Inji yake buɗe rumfarsa. Ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhu a kan tebur, ya jera sifanu da sukundireba, sannan ya zauna yana kallon ruwa. Wata rana aiki ya zo, wata rana har la'asar ko sallama ba zai samu ba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyaran injinan kwale-kwale a rumfar nan. A da layi ake yi masa. Yanzu masu jirage sun koma sababbin injina, waɗanda in sun lalace sai a cire abu a yar, a sa wani. Abokan hirarsa ƙasa ta rufe yawancinsu. Mai ɗakinsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'yarsu tilo kuma tana aure a gari mai nisa. Shi yake dafa wa kansa, shi kaɗai yake ci.

A daminar bara matar amininsa marigayi ta turo wani tsohon inji a baro har ƙofar rumfa. Tun rasuwar mijinta ita take fiton mutanen tsibirin da ke tsallake a jirginsa. Furfura ta cika mata kai, amma har yau Amarya yake ce mata.

"Yaya, abokinka ya tafi ya bar ni da tsohon da ya fi shi taurin kai," in ji ta. "Kwana huɗu ina jan igiya, kafaɗata kamar ta cire. Sai warin fetur, sai mai ya yi ta zuba. Makanikai biyu sun ce in kai shi bola."

"Mutanen tsallake fa, Amarya?"

"Sun koma filafili, ga ruwa ya cika. Akwai dattijuwar da ake kaiwa asibiti duk Alhamis. Wa zai ɗauko ta a haka?"

Ya dafa murfin injin. Shi da marigayin suka ɗauko shi a kafaɗa ranar da aka saye shi.

Ya kwance fulogi, ya tarar da shi sharkaf da fetur. Injin ya shaƙe da mai. Ya sauke kafireta, wurin da mai da iska suke haɗuwa, ya wargaza ta a kan farin ƙyalle. Ya wanke, ya hure ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Da ya buɗe mai, sai ta ci gaba da amai. Washegari ya zazzage gwangwanin tsofaffin kaya, ya samo wata allurar da ke rufe hanyar mai, ya canza. Bai hana ba.

Mai sayar wa masunta ƙanƙara, wanda shagonsa ke kallon rumfar, ya ce ranar ya ga Baban Inji ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ganinsa ya yi rauni, kuma babu wanda zai ce wa, "Zo ka duba min." An daina ƙera kayan irin wannan injin tun tuni.

A rana ta uku ya ɗauki 'yar ƙwaryar tagullar da ke iyo a cikin kafireta, wadda in mai ya cika take tasowa ta tura allura ta toshe hanya. A ido lafiyarta ƙalau. Ya kai ta kunne ya girgiza, sai ya ji motsin ruwa a ciki. Ya tsoma ta a ruwan zafi, ga kumfa sirit tana fita ta wata huda da ba ta kai bakin allura ba. Fetur ya shige ta, ta yi nauyi ta nitse, shi ya sa hanyar mai ba ta rufuwa. Ya tsiyaye ta, ya shanya, ya liƙe hudar da ɗigon dalma.

Ranar Laraba suka ɗaura injin a jirgi.

"Ja da kanki, Amarya."

Ja biyu ya kama. Ta tsaya tana saurare, ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Muryarsa ta da ce, Yaya."

"Tashi ki tafi, kada tsohon ya canza shawara."

Ta karya kan jirgi ta nufi tsallake. Ya tsaya a gaɓa har ƙarar ta ɓace, sannan ya hau tudu ya koma rumfa shi kaɗai. Washegari dattijuwa ta ga likita, ba ta kuwa san da zamansa ba.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa yanke wa inji hukunci ba sai ya saurare shi. Kai ne ake mantawa da kai da zarar jirgi ya bar gaɓa, ba ka kuma taɓa yin ƙorafi ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske.

Ƙarshen watan nan 'yarsa za ta zo ta tafi da shi garinsu, inda babu kogi. Masu sana'a, ku ɗauki haƙurinsa: kada ku yar da abu tun ba ku gano ciwonsa ba. Sauran mu kuwa, mu je mu gaishe shi tun yana nan. Ya riga ya goge kayan aikinsa, ya naɗe a buhu, ya ce kyauta ne ga duk wanda zai zauna ya koya. Har yau babu wanda ya zo tambaya. Saura kwana tara.